Daga Direba Zuwa Ƙa'ida Ɗaya: Nazarin Sauyin Manhajojin Firinta da Bugu ta Hanyar Sadarwa, 1971 zuwa 2024

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin manhajojin da ke aiki tsakanin kwamfuta da firinta, ta hanyar nazarin takardun ƙa'idoji na hukumar IETF da na ƙungiyar Printer Working Group, tare da tarihin kamfanonin da suka ƙago su. Ta nuna cewa tambaya guda ce ke tura ƙirƙire-ƙirƙiren fannin: a ina za a ajiye sanin yadda shafi zai fita, a cikin firinta, ko a kwamfuta, ko a ƙa'idar da kowa ya amince da ita? Ta kuma duba abin da amsar ke jawowa ga tsaro, da haruffan Hausa, da tsofaffin na'urori.

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin kwamfuta ba su cika ba firinta gurbin da ya dace da ita ba, alhali hanyar sadarwar da ofisoshi ke amfani da ita yau tana da tushe a matsalar bugu. A 1971 Gary Starkweather ya haɗa firintar leza a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Palo Alto, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Na'urar na iya fitar da shafi ɗaya a daƙiƙa guda, kuma layukan sadarwar lokacin ba su iya kai mata bayanai da wannan sauri. Neman hanyar da kwamfutoci da yawa za su yi tarayya a kan irin wannan na'ura mai tsada yana cikin dalilan da suka sa Robert Metcalfe ya tsara Ethernet a cibiyar a 1973.

2.0 Zamanin da firinta ke yin tunani

John Warnock da Charles Geschke sun bar Xerox sun kafa Adobe a 1982, suka fitar da PostScript a 1984. PostScript cikakken harshen shirya manhaja ne. Maimakon kwamfuta ta aika ɗige-ɗigen shafi, sai ta aika umarni: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi haka, sa harafi kaza da girma kaza. Firintar ce ke karanta umarnin ta mayar da shi ɗige gwargwadon ƙarfinta. Da haka fayil guda zai fita a firintar ofis mai ɗige 300 a inci, ya kuma fita a injin Linotronic na maɗaba'a mai ɗige 2540, ba a taɓa shi ba.

Wannan 'yanci yana da tsada. LaserWriter da Apple ya fitar a 1985 an sa mata farashin dala 6,995, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikinta ta fi ta kwamfutar Macintosh da ke aika mata aiki sauri. Babu ƙaramin ofishin da zai saya wa kowane ma'aikaci tasa, shi ya sa aka haɗa ta da tsarin AppleTalk domin a yi tarayya. A ɗaya ɓangaren, HP ya fitar da LaserJet a 1984 da harshensa mai sauƙi, PCL.

Hanyoyin isar da aiki na wancan zamani ba su da zurfi. Tsarin LPD na jami'ar Berkeley, wanda aka rubuta a takardar RFC 1179 a 1990, yana karɓar aiki ta ƙofa mai lamba 515 ya jera shi a layi. Katin JetDirect na HP kuwa ya shahara da ƙofa ta 9100, inda ake zuba bayanai kai tsaye. Dukansu biyu ba su da ingantacciyar hanyar tantance wanda ya aiko aiki, kuma ba su ɓoye abin da ke cikin takardar.

3.0 Mulkin direba

Da farashin na'urori ya fara sauka a shekarun 1990, kamfanoni suka gano cewa cire ƙwaƙwalwa daga firinta yana rage kuɗin ƙera ta. Sai aka mayar da aikin fassara shafi kan kwamfuta, a hannun manhajar da ake kira direba. Direba tafinta ne da ya iya harshen na'ura guda tak, kuma sau da yawa kamfanin da ya ƙera na'urar ne kaɗai ya san harshen. Ranar da kamfanin ya daina sabunta direban, firinta mai lafiya sai ta zama kayan ajiya da zarar an sauya tsarin kwamfuta.

An hango illar rufe irin wannan sani tun da wuri. Wajen 1980, a ɗakin binciken MIT, Richard Stallman ya nemi asalin rubutun manhajar wata firintar Xerox domin ya sa ta riƙa sanar da mutane idan takarda ta maƙale. Aka hana shi. Yakan ambaci wannan lamari cikin abubuwan da suka kai shi ga shelar aikin GNU a 1983. A ganina, tarihin shekaru arba'in da suka biyo baya ya tabbatar da ƙorafinsa a fannin bugu fiye da kowane fanni.

4.0 Ƙa'idar IPP da bugu ba direba

A ƙarshen shekarun 1990 aka soma aiki kan ƙa'idar IPP. Zubinta na gwaji ya fito a 1999, na 1.1 ya fito a 2000, aka sake tace shi a takardun RFC 8010 da 8011 a 2017. An ɗora ta kan HTTP, wato hanyar da shafukan intanet ke bi, tana amfani da ƙofa ta 631. Saboda haka ta gaji hanyoyin ɓoye bayanai da tantance mutum da aka riga aka gwada.

Abin da ya fi muhimmanci a cikinta shi ne damar da ta ba kwamfuta ta yi wa firinta tambaya. Kafin a aika aiki, na'urar mai aikawa takan nemi firintar ta lissafo abin da ta iya: girman takardun da take ɗauka, ko tana buga gaba da baya, ko tana da launi, nau'o'in fayil da take karɓa, har da sauran tawadar da ke cikinta. Bayanin da a da ake ɗaukowa a faifan direba, yanzu firintar ke faɗa da kanta. Michael Sweet ya gina tsarin CUPS kan wannan ƙa'ida, ya fitar da shi a 1999. Apple ya sa shi cikin Mac OS X a 2002, ya saye shi a 2007, kuma shi ne tsarin bugu na yawancin kwamfutocin Linux.

Wayar hannu ce ta ƙarasa aikin. Ba zai yiwu a cusa direbobin dubban na'urori cikin waya ba, don haka AirPrint, wanda ya zo a 2010, ya haɗa abubuwa uku. Firinta na shelar kanta a kan wayifai ta tsarin Bonjour, ana magana da ita da IPP, sannan a aika shafi a wani nau'i sananne kamar PDF ko JPEG ko hoton ɗige-ɗige. A 2013 ƙungiyar Printer Working Group ta fitar da IPP Everywhere, buɗaɗɗen tsari mai wannan fasali, kuma a shekarar ce Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa ƙawancen Mopria domin wayoyin Android. Google ya bi wata hanya dabam da Cloud Print, inda takarda ke ratsa rumbun kamfanin kafin ta iso firinta. An rufe shi a ƙarshen 2020, waɗanda suka dogara da shi suka shiga neman mafita.

5.0 Batun tsaro

Manhajar Windows da ke jera ayyukan bugu tana aiki da cikakken iko a kan kwamfuta, kuma tana loda direbobin wasu kamfanoni. Ƙwayar cutar Stuxnet da aka gano a 2010 ta yi amfani da rauninta wajen yaɗuwa. A 2021 raunin da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare ya ba mahari damar saka mugun direba daga nesa ya karɓe ragamar na'ura. A 2023 Microsoft ya sanar zai janye a hankali daga rarraba direbobin kamfanoni ta Windows Update, kuma zubin 24H2 na Windows 11 ya zo da zaɓin bugu mai kariya wanda ke amfani da IPP kaɗai.

Buɗaɗɗen tsari ma bai tsira ba. A Satumban 2024 mai bincike Simone Margaritelli ya bayyana raunuka a ɓangaren cups-browsed na tsarin CUPS, wanda a lokacin ke karɓar shelar duk na'urar da ta ce ita firinta ce. Sauƙin da ke sa waya ta ga firinta nan take, shi ne kuma ƙofar da firintar bogi ke shigowa.

6.0 Haruffan Hausa da tsofaffin na'urori

Wurin da ake fassara shafi ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. Samfuran haruffa 13 da ke cikin LaserWriter ta farko, irin su Times da Helvetica da Courier, ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga littattafan harsunan Afirka sukan ƙera samfurin haruffansu, su ɗora harafi mai lanƙwasa a gurbin wata alamar da ba su buƙata. Idan fayil ya je na'urar da ba ta da samfurin, sai alamar asali ta dawo a tsakiyar kalma. Har yau ɗalibin da ya aika kundinsa a fayil ɗin Word zuwa shagon buga takardu yakan tarar haruffan sun koma akwatuna ko sun sha bamban da sauran rubutun.

PDF, wanda Adobe ya fitar a 1993, yana iya ɗauke da samfurin haruffa a cikinsa, kuma nau'in PDF/A na 2005 ya wajabta hakan. A bugu ba direba, idan aka aika hoton ɗige-ɗige, na'urar marubuci ce ke zana kowane harafi. Abin da ya gani a allo shi zai fita a takarda. Ajami ya fi cin moriyar wannan, domin haɗa baƙaƙe da ɗora wasula daga dama zuwa hagu aiki ne da ba a so a bar wa firinta mai arha.

Sai dai akwai waɗanda sauyin zai iya bari a baya, kuma wannan ya dame ni. Shagunan buga takardu da yawa a bakin jami'o'i da kotuna da sakatariyoyinmu suna rayuwa ne da firintocin gwanjo da aka ƙera kafin AirPrint, waɗanda masu gyara suka san cikinsu kuma ake iya cika musu tawada. Masu kula da CUPS sun sanar cewa zubi na 3 zai daina amfani da direbobin gargajiya. Mafitar da ƙungiyar OpenPrinting ke ginawa ita ce ƙaramar manhaja da ke riƙe tsohon direba a cikinta, tana nuna wa sauran na'urori kanta a matsayin firintar IPP. Sweet ya samar da tubalin PAPPL domin wannan aiki, kuma an riga an naɗe tarin direbobin Gutenprint da HPLIP da Ghostscript ta wannan hanya. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da aka jona da tsohuwar firinta ta USB za ta iya sa wayoyin abokan ciniki su gan ta a wayifai. Sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'i da kwalejojin fasaha na iya gwada wannan haɗi a kan samfuran da suka fi yawa a kasuwanninmu, su rubuta jagorar girka shi da Hausa domin masu gyara. Hukumar da za ta sayi sabuwar firinta kuwa, ya kamata ta sa shaidar IPP Everywhere ko Mopria cikin sharuɗɗan kwangila.