Ajin Dare Na Zamanin Rimi Da "Tallafin" Yau

Jama'a, duk lokacin da na ga an tara matasa an koya musu haɗa sabulu na kwana uku, an ɗau hoto an watse, sai in tuna Yaƙi da Jahilci.

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta kai karatun boko har zaurukan masu unguwanni. Manomi ya taso daga gona, maƙeri ya rufe maƙera, a zauna gaban allo da fitilar ƙwai. A Zariya kuma hukumar NORLA tana buga musu ƙananan littattafai da Hausa, don kada wanda ya koya ya rasa abin karantawa.

A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta farfaɗo da wannan aiki a Kano, ta kafa Hukumar Ilimin Manya, har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. Aji yana cikin unguwa, malamin ɗan unguwa ne, kuma ba a ce wa kowa ya bar sana'arsa ba. Tela ya iya rubuta awo, ɗan tireda ya iya lissafin bashi, matan aure suka haɗa karatu da ɗinki da saƙa. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, ta ajin yamma na manya ya shiga boko.

Wancan tsari watanni ake yi ana bibiyar mutum. Na yau fa? A miƙa wa yaro keken ɗinki bai iya zare allura ba, kafin sati ya zagayo keken yana kasuwa. Kuɗin taron rabon kaɗai, wallahi, ya isa a biya malaman dare na wata da watanni.