Kejin ƙarfe a motar tsere: mene ne, yaya ake zaɓensa, me doka ta ce?

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin motar tsere ya ga wasu tiyon ƙarfe sun kewaye direba, sama da gefe da baya. Shi ake ce ma kejin ƙarfe, Faransawa kuma su ce arso. Ga bayaninsa, da darasin da ke ciki ga masu motocin daji na wajenmu.

Inda muka san shi

Manyanmu sun ga irin waɗanga motoci da idonsu. Tseren Pari-Dakar, wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro, ya tashi karon farko ran 26 ga Disamba 1978 da motoci da babura 182. Guda 74 kaɗai suka isa Dakar ran 14 ga Janairu 1979, bayan sun ratsa Arlit, Agadas da Tahoua sun nufi Yamai. A 1989 da 1990 Tahoua ta zama zango tsakanin Agadas da Yamai. A 1997, da aka yi tseren daga Dakar zuwa Agadas a koma, motocin sun shigo mana ta wajen Menaka.

A tseren 1989 ne, bayan an wuce Tahoua da Yamai, shugaban ƙungiyar Peugeot, Jean Todt, ya jefa kwabo sama a Gao don a raba gardama tsakanin direbobinsa biyu, Ari Vatanen da Jacky Ickx, gudun kada rige-rige ya halaka su. Todt ɗin nan shi ya shugabanci hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, daga 2009 zuwa 2021. An soke tseren 2008 saboda matsalar tsaro, aka kai shi Kudancin Amurka a 2009, kuma tun 2020 a Saudiyya ake yinsa.

Aikin kejin

Rufin mota kwano ne marar kauri. In mota ta kife da gudu, nauyinta duka kan rufin yake sauka, sai ya lotsa ya danne mutanen ciki. Kejin shi ke riƙe wurin da mutum yake zaune, ko da sauran jikin motar ya murƙushe. Ku tuna kuma ƙarfin bugu ba ya tafiya daidai da gudu: mota mai gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da ƙarfin bugu ninki huɗu na mai gudun 50.

Asirin kejin yana ga kusurwa uku. Firam mai kusurwa huɗu, in an tura shi ta gefe, sai ya kwanta kamar rumfar da iska ta buga. In aka gitta mishi ƙarfe daga kusurwa zuwa kusurwa, ya zama kusurwa uku-uku, ba ya kwanciya.

Sassan keji

Dokar FIA tana cikin kundin da ake kira Rataye J. Sashe na 253 ya shafi motocin tsere irin na kasuwa da aka gyara, sashe na 283 kuma motocin ratsa sahara. Keji cikakke yana da:

- Babban baka, wanda ke bayan kujerun gaba, daga ƙasa ta dama ya hau rufi ya sauka hagu. Tiyo ɗaya ne, ba ƙari ba haɗi.
- Bakan gaba, ko bakuna biyu na gefe, masu bin ginshiƙan gilashin gaba.
- Matokara biyu da ke tashi daga saman babban baka su sauka baya. Karkatarsu daga tsaye kada ta gaza digiri 30.
- Ƙarfen gicciye cikin babban baka da cikin rufi.
- Ƙarafan ƙofa, masu tare bugu ta gefe.

Ƙafafun kejin aƙalla shida ne: biyu gaba, biyu tsakiya, biyu baya.

Irin ƙarfen da doka ta yarda da shi

Nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Ga kejin da aka ƙera a garaji, sashe na 253, a bugun 2020, ya ce tiyon ya zama na baƙin ƙarfe marar ɗinki, wanda aka ja shi da sanyi. Sinadarin kabon da ke ciki kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100, kuma kowane milimita murabba'i ya jure jan niyuton 350, wato kusan kilo 35.

Ga babban baka, faɗin tiyo milimita 45 da kaurin bango 2.5, ko faɗi 50 da kauri 2. Ga sauran sassa, faɗi 38 da kauri 2.5, ko 40 da kauri 2. Wanga shi ne mafi ƙaranci.

Tiyon famfo na ruwa ba ya cikin lissafi. Yana da ɗinki a tsawonsa, kuma nan yake tsagewa in ya sha bugu. Wanda aka shafe da farin sinadari, hayaƙinsa ma yana cutar da mai walda. Ƙarfen gini da ƙarfen gado su ma a bar su.

Lanƙwasa tiyo da sanyi ake yi, da injin lanƙwasa, ba da wuta ba. Lanƙwasar kada ta yi tsini: ga tiyo mai faɗin 45, zagayenta daga tsakiya ya kai aƙalla milimita 135, wato faɗin tiyon sau uku. In ka ga tiyo ya baje ko ya yi tamoji wajen lanƙwasa, ya riga ya raunana.

Walda kuma ta zagaye tiyo gaba ɗaya, ta ratsa cikin ƙarfe. Wurin da ya fi wuya shi ne saman keji, dab da rufi, inda hannun mai walda ba ya isa. Nan za ka fara dubawa da tocila da ɗan madubi. Doka ta hana a zuba mai, ruwa ko wani abu cikin tiyon kejin.

Ƙafa ita ce komai

Keji mai kyau da aka dasa kan ruɓaɓɓen kwano, ranar haɗari ƙafarsa za ta huda ƙasan motar ta wuce. Shi ya sa doka ta ce kowace ƙafa ta bakuna ta zauna kan faranti na ƙarfe mai kaurin milimita 3, mai faɗin santimita murabba'i 120, kamar santimita 11 kowane gefe, wanda aka yi ma walda a jikin motar. In da bulon za a ɗaure, aƙalla uku kowace ƙafa, masu kaurin milimita 8, masu lamba 8.8 a kansu. Bulon da ba shi da lamba, ba ka san ƙarfinsa ba.

Wane iri za ka zaɓa?

Akwai na ɗaurewa da bulon, wanda ake iya cirewa. Ya fi sauƙin dasawa. Akwai na walda, wanda ya zama jikin motar. Ya fi ƙarfi, amma sai an kwashe kujeru da duk abin da zai kama wuta kafin aiki. Akwai kuma wanda kamfani ya ƙera, hukuma ta gwada ta ba shi takarda. Irin wanga yana da lamba a jikinsa wadda ta yi daidai da ta takardar, kuma haramun ne a ƙara mishi ko a rage. In ya lanƙwashe a haɗari, kamfanin da ya yi shi ke gyarawa, ko a yi da izininsa.

Kafin ka sayi ko da tiyo ɗaya, nemi dokar gasar da za ka shiga ta wannan shekarar, don ana sabunta ta, kuma manyan gasanni sun fi karɓar keji mai takarda. Ranar binciken motoci, wadda ta kasa ba ta tashi, kuɗin rajista kuma sun tafi. Ɗan uwa da ke waje, in za ka sayi motar tsere ta hannu, ka ce a nuna maka takardar kejin, ka gwada lambar da idonka.

Keji ba ya aiki shi kaɗai

Wanga batu ku riƙe shi da kyau. Tiyon da ke ceton direban tsere shi ne zai fasa kan mutumin da ba shi da kaske. Don haka doka ta haɗa kejin da wasu kaya: kaske, abin riƙe wuya, kujera mai rungume jiki, ɗamara mai maɗauri shida, da soso na musamman da ake naɗa ma tiyon da ke kusa da kai. Ana son tazarar aƙalla santimita 5 tsakanin kaske da ƙarfe. Ɗamarar tsere shekara 5 take yi, ranar ƙarewarta na rubuce a jiki. Akwai kuma tukunyar kashe wuta, da makunni ɗaya da ke yanke wutar motar duka, daga ciki ko daga waje.

Ke nan saurayin da ya sa keji a motar yawo cikin gari don ado, yana tuƙi ba kaske ba ɗamara, haɗari ya ƙara ma kansa.

Abin da ya shafe mu a Adar

Motocin da ke zuwa kasuwannin Barmu, Takanamat, Tabalak, Abalak da Tchintabaraden, yawanci Hilux ne da Land Cruiser masu buɗaɗɗen baya, da firam ɗin da masu waldarmu suka ƙera. Firam ɗin nan na ɗaure buhu da jarka ne, da riƙon hannu. Ba ya tare kowa in mota ta kife, kuma in waldarsa ta balle, ƙarfen kan zama mashi.

Abin da ke kifar da mota a hanyoyinmu sananne ne: kaya da mutane can sama, wanda ke sa nauyi ya hau bisa, fashewar tsohuwar taya da gudu, murɗa sitiyari da ƙarfi don kauce ma rami ko dabba, da bin gefen tudun rairayi a karkace maimakon a hau shi a miƙe. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, a tsakiya.

In kai ne ka aiko da kuɗin motar daga bida, kana da bakin magana. Ka tambayi irin tiyon da aka sa, ka ce a gitta ƙarfe bayan kan motar, a dasa ƙafafu kan faranti mai kauri. Ka sa a canza tayoyi kafin a yi fenti, a gyara ɗamarar kujerun gaba. Ɗamara ita ke hana mutum fita ta gilashi motar ta bi ta kansa.

Keji kuma na cikin mota kaɗai yake karewa. A tseren Dakar na 2006, motoci sun kashe yara biyu ƴan kallo, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal. Duk inda ake gudu da mota ko babur, ko ranar biki ne, iyaye a janye yara daga bakin hanya, musamman wajen kwana. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.