Karo-karo da Ƙera Manyan Wasannin Intanet

Daga cikin sana'o'in da zamani ya zo da su, da wuya a sami wadda ta kai ƙera manyan wasannin intanet cin dukiya, watau irin waɗanda dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam ke shiga a lokaci guda, kowa da surarsa da laƙabinsa, su yi fatauci, su yi yaƙi, su ƙulla ƙawance a cikin wata duniya wadda ba a rufe ƙofarta dare da rana. Tun da Ultima Online ya fito a 1997, sa'an nan World of Warcraft na kamfanin Blizzard ya zo a 2004, har ya tara masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010, al'adar da aka sani ita ce babban kamfani ke zuba jari, ya yi haƙurin shekaru yana biyan masu zane da marubuta manhaja, kana ya jira riba. An ƙiyasta cewa Star Wars: The Old Republic, wanda ya fito a ƙarshen 2011, ya ci wajen dala miliyan 200. Don haka attajiran sana'ar suka noƙe, ba sa sakin kuɗi sai ga abin da ya yi kama da wanda ya riga ya samu kasuwa, tsofaffin gwanayen da suka kafa fannin kuwa suka zauna da burinsu a ƙirji.

Ana cikin wannan hali sai wata ƙofa ta buɗe. An kafa Kickstarter a birnin New York a 2009, ƙa'idarsa kuwa ita ce mai aiki ya bayyana abin da yake son yi da adadin da yake nema, jama'a su yi masa karo-karo, in adadin ya cika kafin wa'adi ya karɓa, in bai cika ba kowa ya riƙe kuɗinsa. A watan Fabrairun 2012 Tim Schafer na kamfanin Double Fine ya nemi dala dubu 400 don wani wasa na mutum ɗaya, sai mutane fiye da dubu 87 suka tara masa sama da miliyan 3. Labarin bai daɗe ba ya game sana'ar, ma'abota manyan wasanni suka ce ai su ma suna da masoya.

Richard Garriott, mai Ultima, ya samu kusan dala miliyan 2 a 2013 don Shroud of the Avatar. Mark Jacobs, wanda ya yi Dark Age of Camelot, shi ma a 2013 ya samu miliyan 2.2 don Camelot Unchained. Masu Crowfall suka samu miliyan 1.7 da ɗoriya a 2015. Duk wanda ya ɗora waɗannan adadai a mizani guda da miliyan 200 da aka ambata, zai gane cewa a waɗannan wasanni kuɗin jama'a bai isa ya zama jarin aikin ba, shaida ce kawai da mai aiki ke ɗauka ya kai wa masu zuba jari, ya ce ga hujja cewa akwai masu so. Jacobs kansa ya ƙara da kuɗin aljihunsa, daga baya kuma ya karɓi na wasu attajirai, amma wasan da aka yi wa wa'adi da 2015 shekara goma bayan karo-karon bai fito cikakke ba. Wanda ya fi kusa da cika alkawari a kan kari shi ne David Braben na Ingila, wanda ya tara fam miliyan 1.5 da ɗoriya don Elite: Dangerous, ya kuma fitar da shi a Disamban 2014, sai dai kamfaninsa Frontier, da ke Cambridge, ya daɗe a tsaye da ma'aikatansa da kayan aikinsa, har ya sayar da hannun jari a kasuwar Landan a 2013, ta yadda ko da karo-karon ya ƙare aikin ba zai tsaya ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bahasi a kan biyan kuɗi kafin karɓar kaya, suka halatta cinikin salam bisa sharaɗin a san siffar kaya da adadinsa da ajalinsa, suka kuma hana garari, watau sayar da abin da ba a da tabbacin samunsa. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne, amma waɗannan sharuɗɗa su ne daidai inda wannan mu'amala ke raurawa, domin siffar wasan tana sauyawa duk lokacin da kuɗi ya ƙaru, ajalin kuwa ƙiyasi ne kurum, mai bayarwa kuma ba shi da rabo a riba, ba shi da kujera a majalisar kamfani, ba shi da ikon cewa a tsaya haka nan. Chronicles of Elyria ya nuna wannan a fili. Bayan ya samu dala miliyan 1.3 a Kickstarter a 2016, kamfanin ya ci gaba da sayar da filaye da sarautu a cikin ƙasar da ba a gina ba tukuna, mutum ya biya kuɗi na gaske a naɗa shi sarki ko hakimi a kan taswira, har abin da aka tara ya tasam ma miliyan 8. A Maris na 2020 aka sallami ma'aikata. Waɗansu daga cikin masu bayarwa suka kai ƙara, kotu ta kore ta a 2022.

Akwai kuma wata mas'ala wadda ko an gama ƙira tana nan. Wasan mutum ɗaya in an kammala shi an huta, amma irin wannan kamar sabuwar kasuwa yake, ko an kafa rumfuna an share fili, in mutane ba su zo ranar farko ba, ɗan wanda ya zo zai leƙa ya ga ba kowa ya juya, alhali kuwa kuɗin na'urorin da ke ɗauke da duniyar da albashin masu kula da ita ba sa jira. Crowfall ya fito a Yulin 2021, aka sayar da shi ga wani kamfani kafin shekarar ta ƙare, aka kashe na'urorinsa a Nuwamban 2022. Shroud of the Avatar ya fito a 2018, a shekara mai bi Garriott da abokansa suka miƙa shi ga wasu.

Saura Star Citizen, wanda masu goyon bayan karo-karo da masu sukarsa duka suke kafa hujja da shi. Chris Roberts, wanda ya yi suna da Wing Commander a 1990, ya sanar da shi a Oktoban 2012, ya samu dala miliyan 2 da ɗoriya a Kickstarter, jimillar abin da ya tara a wancan zagaye ta haura miliyan 6, aka kuma sa ran fitowarsa a 2014. Hikimar da ya zo da ita ita ce bai rufe asusun ba: ya mayar da shi shagon kansa, inda ake sayar da jiragen sararin samaniya na cikin wasa, galibi tun suna zane a takarda, mutum ya biya ya ajiye hoto yana jiran ranar da za a ƙera masa abin hawansa. A 2018 aka fito da wani ƙunshin jirage mai suna Legatus a kan dala dubu 27, wanda ba a ma nuna wa mutum shafinsa sai ya riga ya kashe dala dubu ɗaya. Ta wannan hanya kuɗi ya wuce miliyan 500 a 2022, ya wuce miliyan 700 a 2024, watau ninkin abin da aka ƙiyasta wa Star Wars sau uku da ɗoriya.

A nan ne, a ganina, al'amarin ya juye. Tsohon attajiri, duk da rowarsa da tsoronsa, yana da wani amfani guda da ba a yaba masa ba: yana tilasta a gama, domin ba ya ganin kwabo sai kaya ya shiga kasuwa. Da aka kawar da shi, sai ya zamana alkawarin kansa ne hajar da ake sayarwa, kowane sabon jirgi yana kawo kuɗi, kowane kuɗi yana jawo ƙarin aiki, ƙarin aikin yana tura ajali gaba. Adalci ne a faɗi cewa akwai abin da ake shiga a yi wasa a cikinsa, kuma da yawa daga masu bayarwa sun gamsu da shi, amma kamfanin Roberts, Cloud Imperium, da kansa yana kiransa matakin gwaji. Hatta wannan kamfani, da duk abin da jama'a suka tara masa, sai da ya karɓi dala miliyan 46 daga attajiri Clive Calder da ɗansa Keith a 2018, a madadin wajen kashi goma cikin ɗari na hannun jari. Ɓangaren wasan na mutum ɗaya, Squadron 42, wanda yake cikin alkawarin 2012, a taron masoya na Oktoban 2024 aka sa masa sabon wa'adi, shekarar 2026.