Sunayen Kasuwar Inshorar Lafiya a Amurka

A Amurka, yawancin ma'aikata ta wurin aiki suke samun inshorar lafiya. Direban tasi mai zaman kansa, da mai ɗan shago, da wanda aka sallama daga aiki, su kam sai dai su nema da kansu. Domin su ne dokar lafiya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Maris 2010 ta tanadi dandali a kowace jiha, inda kamfanonin inshora za su baje hajarsu, gwamnati kuma ta rage wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗin wata-wata.

Dokar ta kira dandalin "exchange", wato wurin musaya, kalmar da ake kiran kasuwar hannun jari da ita. Talaka ya ji sunan, bai ga abin da zai musanya ba. A 2013, kafin a buɗe rajista ranar 1 ga Oktoba, ma'aikatar lafiya ta tarayya ta koma cewa "marketplace", kasuwa ke nan. A ganina gyaran ya dace, ko da yake kasuwa ce da babu tayi babu sallamawa. Farashi a rubuce yake. Aikin mai saye shi ne ya kwatanta matakan da aka raɗa wa sunayen ƙarafa: tagulla, azurfa, zinare da filatinam, waɗanda ke ɗaukar kusan kashi 60, 70, 80 da 90 cikin ɗari na kuɗin magani.

Lafazin dokar ma ya kai mutane kotu. Ta ce tallafin na masu saye ne a dandalin da jiha ta kafa, alhali jihohi fiye da 30 sun bar aikin ga HealthCare.gov na tarayya. Sai a Yuni 2015 Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai 6 a kan 3, cewa tallafin ya haɗa da mutanen waɗannan jihohi. Da an yanke akasin haka, miliyoyi ne za su rasa shi.

Jihohin da suka kafa nasu kuwa kowace ta zaɓi suna na gida: Covered California, MNsure a Minesota, Pennie a Fensilbaniya. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Kynect na Kentaki, jihar da ba ta zaɓi Obama ba ko sau ɗaya. Gwamna Steve Beshear ya san cewa "Obamacare", laƙabin da 'yan adawa suka liƙa wa dokar, zai kori mutanen da suka fi bukatarta. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2014 ta nuna yawancin mutanen jihar sun ƙi Obamacare, amma masu son Kynect sun fi masu ƙinsa, ga shi kuwa Kynect daga cikin Obamacare ya fito. Ban ga abin dariya a nan ba: mai ciwon suga da ya yi rajista saboda sunan bai firgita shi ba ya samu maganinsa.

Gwamna Matt Bevin ya rufe kasuwar Kynect a 2016, aka mayar da mutane HealthCare.gov. Da Andy Beshear, ɗan Steve, ya hau mulki, ya sake buɗe ta a 2021, kuma bai taɓa sunan ba.