Tarihin Cutar Pick da Rassanta na Gado

A shekarar 1892, a birnin Firag, likitan ƙwaƙwalwa Arnold Pick ya rubuta bayanin wani dattijo ɗan shekara 71 wanda magana ta riƙa kuɓuce masa sannu a hankali, kuma da aka bincika ƙwaƙwalwarsa bayan rasuwarsa, sai aka tarar sashen da ke daura da kunnen hagu ya motse fiye da sauran. Wannan kuwa ya saɓa wa ra'ayin jamhurin likitocin zamanin, masu ganin cewa ruɗewar tsufa takan ci ƙwaƙwalwa baki ɗaya, ba ta zaɓen wuri. A 1911 Alois Alzheimer ya hango wasu dunƙule-dunƙule cikin ƙwayoyin irin wannan ƙwaƙwalwa, daga bisani aka laƙaba wa cutar sunan Pick.

An daɗe ba a tabbatar da ita sai bayan mutuwa, domin sau da yawa ba da mantuwa take farawa ba. Mutum mai kamala, wanda bai manta hanyar gidansa ba, sai a wayi gari kunya da tausayi sun gushe masa, ya kai hannu akushin baƙo, ko ya faɗi alfasha a gaban surukai, iyalinsa kuwa su ɗauka lalacewar ɗabi'a ce. A 1994 malaman biranen Lund da Manchester suka fitar da ƙa'idojin gane ta, alhali tuni an lura cewa takan bi zuri'a a wasu gidaje.

Sababin gadon ya bayyana daki-daki: ƙwayar gado ta MAPT a 1998, ta GRN a 2006, sannan C9orf72 a 2011, kuma kowacce da inda ta fi yin illa. Mai ɗauke da ta farko yakan kamu da wuri, galibi wajen shekara 50, sunayen abubuwa da ma'anoninsu su ɓace masa, har a nuna masa cokali ya rasa abin da zai kira shi. Ta biyu takan fi cin gefe guda na ƙwaƙwalwa, ta nauyaya harshe, ta raunana tsara aiki. Ta uku ta fi yaɗuwa a sassan ƙwaƙwalwa, wani lokaci ta zo da gane-gane da mummunan zato, ko ta haɗu da cutar shanyewar jijiyoyin motsi.

Binciken GENFI, wanda ya tattaro irin waɗannan iyalai daga Turai da Kanada, ya nuna a 2015 cewa gwajin tunani na iya nuna rauni kimanin shekara 5 kafin lokacin da ake tsammanin bayyanar cutar. Har yau babu maganin da ke tsayar da ita, amma wannan ilimi ya wajabta wa iyali adalci, watau su san cewa wanda halinsa ya sauya ta wannan hanya majinyaci ne, haƙƙinsa jinya da haƙuri, zargi kuwa zalunci ne a kansa.