ZARE: Rigimar 'yan Mac da 'yan Windows a harkar haɗa kiɗa

1/ Duk wanda ke zama da masu haɗa kiɗa ya san musun nan. Mai MacBook ya ce FL Studio kayan wasan yara ne, mai Windows ya ce kai dai kuɗin hoton tuffa ka biya. Har nan Dutsin-Ma ana tafka shi. Musun ya girmi yawancinmu, kuma yana da tarihi. Ku biyo ni 🧵

2/ Abin da ya sa na damu: na san wani yaro a wajenmu Dabawa, kunnensa na jin kiɗa sosai, amma ya ajiye koyo wai sai ya tara kuɗin Mac, don an ce masa da Windows ba a zama furodusa. Laftof ɗin yayansa kuwa na nan a ɗaki tana shan ƙura.

3/ Mu koma 1983. A shekarar aka fito da MIDI, wato yaren da fiyano da kwamfuta ke magana da juna. Ba sauti yake ɗauka ba, umarni ne: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi lokaci kaza.

4/ A 1985 sai ga kwamfutar Atari ST da ramin MIDI a jikinta tun daga kamfani, ga ta kuma da araha a kan Macintosh. Makaɗan Turai suka yi mata caa. To ku lura da wannan: Cubase ya fara fitowa ne a kan Atari a 1989, kuma kakan Logic, wato Notator, shi ma ɗan Atari ne. Dukansu 'yan Jamus.

5/ Ma'ana manhajojin da ake wa faɗa yau, a gidan da babu Mac babu Windows aka haife su 😂 Atari ta daina ƙera kwamfuta a farkon shekarun 1990, kowa ya kama gabansa.

6/ Daga nan Logic, a hannun kamfanin Emagic, yana aiki a Mac yana aiki a Windows. Cubase na Steinberg ma haka. Akwai 'yar tsokana tsakanin mutane, amma ba a kai ga gaba ba. Manyan situdiyoyin Amurka sun fi karkata ga Mac saboda Pro Tools, wanda a can ya fara a 1991.

7/ Inda aka ɓata shi ne Yulin 2002. Apple ta saye Emagic, ta kuma sanar cewa daga ƙarshen Satumba an daina Logic na Windows. Ka yi tunanin mutumin da ya sayi manhaja da guminsa, ya shekara da shekaru yana koyonta, duk ayyukansa na ciki, rana ɗaya a ce masa ko ya sayi sabuwar kwamfuta ko ya san inda dare ya yi masa.

8/ Wasu suka bi Apple, wasu suka yi fushi suka koma Cubase. Wannan ciwon ne asalin ɗacin da kuke ji a musun har yau, ko da masu yinsa yanzu ba a haife su ba a lokacin. Gadon faɗa muka ci, ba mu san mafarinsa ba.

9/ Har ƙananan manhajojin ƙarin sauti aka raba musu gida. Steinberg ta kawo tsarin VST a 1996, kowa ya ɗauka. Apple ta ce nata Audio Units ne, kuma har gobe Logic ba ya buɗe VST kai tsaye.

10/ A ɗaya ɓangaren kuma, wani mai suna Didier Dambrin ya rubuta wata 'yar manhajar jera ganguna, FruityLoops, wadda ta fito wajen 1998 a ƙarƙashin kamfanin Image-Line na Beljiyam. Windows kaɗai. Ƙwararru suka raina ta, sunan ma kamar na alewa. Kamfanin Kellogg's mai abincin karin kumallo na Froot Loops ya ƙalubalanci sunan, a 2003 aka koma FL Studio.

11/ (Abin dariya: mu nan duk kayan hannu "ɗan Beljiyam" muke ce masa. Ashe manhajar da ke cikin laftof ɗin ce 'yar Beljiyam ta gaskiya.)

12/ Abin da aka raina shi ya tsone ido. Soulja Boy da FL ya haɗa Crank That a 2007. Avicii da shi ya yi suna. Gangar nan mai nauyi ta amapiano da ke girgiza sifika a gidan biki, daga wani ɗan kayan sauti na cikin FL ta fito, Fruity DX10.

13/ Yanzu mu dawo gida, don nan ne labarin ya fi daɗi. Lokacin da Turawa ke wannan rigima, mu tamu daban ce: kalangu da fiyano. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, FruityLoops na jariri. A daidai wannan ƙarshen shekarun 1990 ne fiyanon Yamaha, jerin PSR, ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa a Kano.

14/ Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu sosai kan wannan sauyi, da rawar da situdiyoyi irin na Iyan-Tama suka taka. Mutum ɗaya da fiyano ɗaya ya maye gurbin tawagar makaɗa. Zamanin fim ɗin Sangaya ke nan. Dattawa suka ce wannan ba kiɗan Hausa ba ne, matasa suka ce shi muke so. Kun ga ai irin musun ne, kaya kawai aka canza.

15/ Da kwamfuta ta shigo situdiyo, ba wanda ya zauna ya auna Mac da Windows ya zaɓa. Aljihu ne ya zaɓa. HP da Dell na hannu su ke cike da kasuwa, irin su titin Beirut a Kano. In allo ya fashe ko madannai suka mutu, akwai mai gyara da kayan gyara. Mai saka maka Windows kuma shi zai haɗa maka da FL ko Cubase a filashi.

16/ Mu faɗi gaskiya, yawancin waɗannan kwafin fasassu ne, ba saye aka yi ba. Ban ce daidai ba ne, haƙƙin mutane ne, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke cinye wa mutum aikin wata guda. Amma ba za ka ba da tarihin kiɗan zamani a Arewa ka tsallake wannan ba.

17/ Wani abin kuma: Yamaha ɗin da ta ba mu fiyano ita ta saye Steinberg mai Cubase a tsakiyar shekarun 2000. Mai fiyanon PSR da Cubase a Windows, kayan gida ɗaya yake amfani da su bai sani ba.

18/ To Mac ya fi sauti ne? A'a. Lissafi ne kwamfuta ke yi, kuma biyu da biyu huɗu ne a kowace. Abin da ke canza sauti shi ne makirfo, akwatin shigar da sauti, ɗakin da aka rera, da kunnen mai gaurayawa.

19/ Amma a ba Mac haƙƙinsa. Tsarin sautinsa a shirye yake zuwa, ka jona ka fara aiki. A Windows sai ka nemi direban ASIO, in ba haka ba ka danna fiyano sautin ya iso a makare kamar motar kasuwa. Kuma tun da Apple ta fito da M1 a 2020, batirinsu na daɗewa ƙwarai. A garin da wuta ke zuwa da ƙa'idar kanta, wannan hujja ce mai ƙarfi, ta fi duk surutun "ƙwararru Mac suke riƙewa".

20/ Sai dai kuɗin fa. Logic kaɗai kusan dala 200 ne, ban da na'urar. Tun da aka saki naira a 2023 dala ta haura dubu, ku yi lissafin da kanku. Sabbin MacBook kuma ba a ƙara musu RAM, yadda ka saya haka za ka zauna da ita.

21/ Katangar ma ta rushe ta gefe ɗaya. A Mayun 2018 FL Studio 20 ya fito a Mac, lasisi ɗaya na aiki a duka biyun, sabuntawa kyauta har abada. Cubase da Pro Tools da Ableton duk suna ko'ina. Logic ne ya rage a cikin gidan Apple. Shi ya sa za ka ga mai MacBook yana zagin 'yan Windows, ka leƙa allonsa ka tarar FL ne a buɗe 😭

22/ Ƙannenmu kuwa ba su ma jira laftof ba. Da Tecno da Infinix suke haɗa kiɗa a BandLab da FL Studio Mobile, su rera da abin kunne, su ɗora a TikTok. Kuma sun riga sun buɗe nasu babin: GarageBand kyauta ne a iPhone, babu shi a Android, don haka masu iPhone sun fara ce wa sauran ba su iya ba.