Tarihin Koyar da Furucin Baƙaƙen Ingilishi da Darasinsa ga Manhaja

Gabatarwa

Harshen Ingilishi yana da sautukan baƙaƙe 24, kuma akwai waɗanda babu su a Hausa. A nan za mu bi tarihin koyar da furucinsu, domin mu ga abin da ya kamata manhaja ta fi bai wa muhimmanci a ajin da ɗalibansa Hausawa ne.

Asalin Fannin a Turai

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, koyar da baƙon harshe a Turai ya fi karkata ga nahawu da fassara. A shekarar 1886 wasu malaman harsuna ƙarƙashin jagorancin Paul Passy suka kafa ƙungiya a birnin Paris, wadda ta zama Ƙungiyar Ilimin Furuci ta Duniya. A 1888 ta fitar da alamominta na rubuta sauti, bisa ƙa'idar cewa kowane sauti ya samu alama guda. Daga baya Daniel Jones ya wallafa ƙamusun furucin Ingilishi a 1917, inda ya ɗauki karin masu ilimi na kudancin Ingila ya mayar da shi ma'auni. Wannan karin ne makarantun ƙasashen rainon Ingila suka gada.

Shigowarsa Nijeriya

A Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, Turawa ne ke koyar da Ingilishi ga ɗalibai 'yan kaɗan, saboda haka kwaikwayon bakin malami ya wadatar. Daga cikin ɗalibanta akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shahara da fasahar magana. Amma da makarantu suka yawaita, musamman bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, sai ya zama malamin da kansa ɗan koyo ne, kuma kwaikwayo kaɗai ya kasa.

Tun a 1957 Robert Lado ya kawo ra'ayin cewa idan aka kwatanta harshen uwa da harshen da ake koyo, za a hango inda ɗalibi zai yi tuntuɓe. A kan wannan turba Elizabeth Dunstan ta tace littafi a 1969 game da tsarin sautin harsunan Nijeriya 12, har da Hausa, domin amfanin malaman Ingilishi. Haka kuma a 1982 Munzali Jibril ya kammala kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster kan bambance-bambancen furucin Ingilishin Nijeriya.

Abin da Kwatancen ya Nuna

Kalmomin aro shaida ne. Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/, shi ya sa muke da fensir da fasinja da fakiti. Ba ta da /v/, sai ta musanya shi da /b/, kamar a direba da talabijin. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka ake cusa wasali a tsakani, kamar a burodi da firamare. Sautukan haƙori guda biyu da ake rubutawa da "th" kuwa, Bahaushe kan furta su /s/ da /z/, alhali a kudancin ƙasar nan an fi jin /t/ da /d/.

Sauyin Manufa

A shekarar 2000 Jennifer Jenkins ta nuna cewa tsakanin waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, musanya sautukan "th" ba ya cika hana fahimta, amma rikita sauran baƙaƙe yana hanawa. Ke nan manufa ta tashi daga kwaikwayon Bature zuwa magana yadda za a gane. Ɗalibin da ya furta "pan" da "fan" iri ɗaya ya sauya ma'ana, ko da nahawunsa ba shi da aibu.

Sai dai a Nijeriya jarrabawar furuci ta hukumar WAEC a takarda ake yin ta. Ɗalibi na iya haddace alamomi ya ci, ba tare da ya taɓa buɗe baki ba.

Kammalawa

Bisa wannan tarihi, muna ganin manhaja ta fara da bambance /p/ da /f/, sannan /b/ da /v/, sai jerin baƙaƙe, a bar "th" zuwa ƙarshe. A horar da malamai su bayyana gurbin furuci da Hausa, misali haɗe leɓɓa ga /p/, da ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa ga /f/ da /v/. Kuma a ware maki a gwajin aji na abin da ɗalibi ya furta da bakinsa.